Babi na Biyar: Gaggafa 'Yar Ci-rani

A ce yau wani yaro ya fita ban-ruwan tattasai a bakin Komadugu, tsakanin Diffa da Bosso, sai ya tarar da ƙaton tsuntsu kwance a gindin goruba, gajiya ta kayar da shi ko rauni. Ya matsa kusa, ya ga wani ɗan akwati kamar kwalin ashana ɗaure a gadon bayansa, da ɗan farantin sola a kai, ga wata siririyar waya ta miƙe kamar tsinken tsintsiya. A ƙafa kuma zobe ne mai lamba da rubutun boko. Kafin la'asar labari ya kai tasha. Tambayar da za ta fito daga bakin kowa ɗaya ce: wa ya aiko shi, me kuma yake leƙe?

Ba mai ganin laifin wanda ya yi wannan tambaya. Tun ranar 6 ga Fabrairu 2015, da Boko Haram ta kai hari Bosso da Diffa, mutanen wannan kwari ba su sake barci da ido biyu rufe ba. Mutanen Baruwa sun yi shekaru a gudun hijira, sai a watan Yuni 2021 aka fara mayar da su garinsu. Wanda ya saba jin ƙugin jirgi marar matuƙi a saman rufinsa, in ya ga tsuntsu da waya a baya, dole gabansa ya faɗi. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. A 2013 wani mutum a yankin Ƙina na ƙasar Masar ya kama wata farar shamuwa ta Turai mai irin wannan akwati, ya kai ta ofishin 'yan sanda, ta kwana a bayan kanta kamar ɓarawo. A 2019 mayaƙa a birnin Ta'iz na Yaman suka tsare wata babbar ungulu da aka sa wa suna Nelson, wadda ta taso daga Bulgeriya, bisa zargin leƙen asiri. Duka biyun bincike ya wanke su. Akwatin ba ya ɗaukar hoto, ba ya ɗaukar murya. Abu ɗaya yake faɗa: ga inda tsuntsun nan yake, a wannan sa'a. To me ya sa wani zai kashe dukiya don ya san wannan?

Ina suke zuwa in zafi ya shigo?

Duk wanda ya tashi a karkara ya san akwai tsuntsayen da ake gani da kaka da ɗari, sannan a neme su a rasa da zarar bazara ta kankama. Turawa ma sun daɗe da irin wannan mamaki, amma ta ɗaya gefen: nasu tsuntsayen da sanyi suke ɓacewa. Har akwai masanansu na da da suka rubuta cewa tsattsewa nutsewa take yi cikin taɓon tafki ta yi barci sai sanyi ya wuce.

Wani maharbi na Afirka ne ya warware musu gardamar, ba tare da ya sani ba. A 1822, kusa da garin Klütz na arewacin Jamus, aka harbo wata farar shamuwa da mashi ya ratsa wuyanta, mashin kuwa na itacen tsakiyar Afirka ne, tsawonsa ya kusa kamu biyu. Da shi ta ƙetare hamada da teku. Har yau tana ajiye a jami'ar Rostock, da mashinta.

Daga 1899 wani malamin makaranta a Denmak, Hans Christian Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zobe mai lamba da adireshi. Dabara ce mai kyau, har gobe ana yin ta. Sai dai zobe kamar wasiƙa ce da ba ta isa sai mai ɗauke da ita ya mutu ko an kama shi. Za ka san inda aka sa, ka san inda aka tsinta. Abin da ya faru a tsakani, watanni ko shekaru, wannan kuwa sai Allah.

Abin da ke cikin akwatin

A 1978 hukumar sararin samaniya ta Faransa da takwarorinta biyu na Amurka suka kafa wani tsari mai suna Argos. Taurarin ɗan'adam ne da ke kewaya duniya ta kan ƙuryar arewa da ta kudu, a nisan kilomita 850 ko kusa da haka, suna sauraron ƙananan na'urori da ke ƙasa. Yadda suke gane wuri abu ne da kowa ya taɓa ji da kunnensa. Tsaya a bakin babbar hanyar da ta taso daga Damagaram ta ratsa Diffa zuwa Gigimi, babbar mota ta taho tana danna oda. Tana matsowa ƙarar na yin siriri, tana wuce ka sai ta yi kauri. Haka siginar na'urar ke canja wa tauraro yayin da yake matsowa da yayin da yake wucewa, daga wannan canji ne kwamfuta ke lissafa inda tsuntsun yake. A 1984 aka fara gwada abin a kan wata gaggafa mai farin kai a Amurka. Na'urar ta lokacin nauyi gare ta, sai manyan tsuntsaye ke iya ɗauka.

Na yanzu sun yi sauƙi. Akwai GPS a ciki, irin na wayar hannu, wanda ke nuna wuri har a iya cewa a kan wace bishiya tsuntsun ya kwana. Rana ce ke cika batirin, shi ya sa na'ura ɗaya kan yi shekaru tana aiki. Ana ɗaura ta da lallausan zare mai ƙarfi kamar goyo, ta ƙarƙashin fukafukai, kuma ƙa'idar masu aikin ita ce kada nauyinta ya wuce kashi 3 cikin ɗari na nauyin tsuntsun. Gaggafa mai kilo biyu ke nan ba za a aza mata fiye da giram 60 ba, kamar nauyin ƙwan kaza ɗaya. Yawanci 'ya'ya ake ɗaura wa tun suna sheƙa, dab da su fara tashi. Manya kuwa sai da wayo: a kafa raga, a ajiye babbar mujiya kusa da sheƙa, gaggafa ta zaburo don ta kori abokiyar gaba, ta faɗa.

Wasu na'urorin ba sa bi ta tauraro wajen aiko da saƙo, layin waya ne a cikinsu. In tsuntsu ya shiga inda babu sabis sai su tara bayanan, ranar da ya gifta kusa da eriyar waya su juye gaba ɗaya. Wannan ne ya jefa wasu masana na Rasha cikin bashi a 2019. Wata gaggafarsu mai suna Min ta yi watanni a dajin Kazakistan inda babu sabis, sannan ta miƙe sai Iran. Can ta sami layi, ta shiga turo saƙonnin da suka taru, kowane ɗaya a kan rubul 49, kuɗin ƙasar waje. Ita kaɗai ta cinye kuɗin da aka ware wa dukan tsuntsayen. Sai da suka kafa asusun neman taimako a intanet don a saya wa gaggafa kati, daga baya kamfanin wayar ya yafe. Duk wanda ya taɓa tsallaka kogi zuwa Damasak da layin Nijar a wayarsa ya san zafin abin.

Baƙuwar da ke kan goruba

Ba kowace gaggafa ce matafiya ba. Mai farin kai da ƙirji da ke kamun kifi a tafkin Chadi 'yar gida ce, nan take haihuwa. Manyan baƙinmu daga Turai biyu ne. Akwai ƙarama, wadda girmanta bai fi na shirwa ba, gashi ya rufe mata ƙafafu kamar ta sa safa. Sai babba, mai cin macizai, wadda ita ce ta fi ɗaukar mini hankali.

In ka taɓa ganinta ba za ka manta ba. Kai gare ta babba, zagayayye, da idanu rawaya manya kamar na mujiya. Cikinta fari ne da ɗigo-ɗigo, in ta buɗe fukafukai sun kai tsawon mutum ko sun fi. Da hantsi, lokacin da macizai da ƙadangaru ke fitowa shan rana a gefen gonakin da ruwa ya janye, sai ta tsaya cak a sama tana fuskantar iska, ƙafafu a sake, kai a sunkuye, kamar an rataye ta da zare. Can sai ta faɗo. Ta danne macijin da gajerun yatsunta masu kaurin saɓa, ta murƙushe kan, ta fara haɗiya daga kai. Sau da yawa takan tashi da wutsiyar na reto a bakinta. Manomin tattasai da ke shiga cikin kwami da ƙafa ba takalmi ba shi da ma'aikaciyar da ta fi ta, kuma ba ta karɓar lada. Tana da 'yar'uwa ta nan Afirka da suka yi kama ƙwarai, har masana kan yi gardama a kan hoto, don haka kada ka rantse a kan kowace ka gani.

A shekarun 1990 wani likita Bajamushe, Bernd-Ulrich Meyburg, wanda ya ƙarar da rayuwarsa a bin gaggafa, shi da abokan aikinsa suka ɗaura wa wata babbar mai cin macizai na'ura a Faransa. Da kaka ta tashi, ta bi ta Sifen da Maroko, ta ratsa hamada, cikin kimanin kwana 20 ta ci fiye da kilomita 4,500. Inda ta yada zango ta yi rani, ƙasar Nijar ce. Daga baya aka ɗaura wa wasu da yawa a Sifen da Italiya da Isra'ila, taswira ta cika da zane. Yawancin zanen a ɗamara ɗaya suke ƙarewa, wadda ta taso daga Muritaniya da Mali, ta bi ta Nijar da arewacin Najeriya, ta wuce Chadi da Sudan. Na yammacin Turai ta yamma suke shigowa, na gabas ta Masar. Ƙasar tafkin Chadi tana tsakiya.

Ba abin mamaki ba ne kwarin Komadugu ya ja su. Ruwan da ya sauka a ƙasar Kano da Bauchi da damina, wanda ya bi ta kogin Haɗeja da na Jama'are, ya ratsa fadamun Nguru da Gashuwa da Geidam, ba ya cika kogin a Diffa sai ƙarshen shekara, lokacin da daji ya riga ya bushe. Wato daidai sa'ar da baƙin suka iso, akwai wani koren zare a tsakiyar rairayi, cike da kwaɗi da ɓeraye da fara da masu cin su.

Littattafan Turawa kan ce tsuntsun ya zo hutun sanyi, zai koma gida. Ni dai na ƙirga watannin. Daga Oktoba zuwa ƙarshen Fabrairu ko Maris tana wurinmu, wata biyar ke nan, ga kusan wata biyu a hanya, zuwa da komawa. Mu muna da sunan mai irin wannan rayuwa: ɗan ci-rani. Ya zo bayan girbi, ya nemi abinci, ya koma kafin shuka.

Tsani na iska

Abin da zanen ya fara nunawa shi ne ba sa bin miƙaƙƙiyar hanya. Dalilin yana saman kowace mahauta. Dubi shirwa da ungulu da sassafe, suna zaune a kan bishiya kamar marasa aikin yi. Sai rana ta ɗaga, ƙasa ta ɗau zafi, iskar da ke kanta ta fara hawa sama, irin hawan da kake gani ƙuru-ƙuru in guguwa ta ɗebi ƙura da leda. A lokacin ne suke buɗe fukafukai su shiga kewaya, ba kaɗawa, iskar na ɗaga su kamar tsani. Gaggafa mai tafiya haka take yi: ta hau wannan tsani har ƙarshensa, ta zame gaba tana gangarowa a hankali, ta tarar da wani, ta sake hawa. Daga hantsi zuwa la'asar sakaliya takan ci kilomita 200 zuwa 300, ba ta ƙona kitsen jikinta ba sai kaɗan. Da yamma ta sauka ta kwana.

A kan teku babu wannan tsani mai ƙarfi. Babban tsuntsu in ya shiga sai ya yi ta kaɗa fukafukai har ƙarfinsa ya ƙare ya faɗa ruwa. Shi ya sa suke tururuwa inda ruwan ya fi ƙunci: mashigin Jibraltar, inda kilomita 14 kacal ke tsakanin Maroko da Sifen, ko su kewaye ta Suwez su bi ƙasa. Masu cin macizai da ke haihuwa a tsakiyar Italiya sun fi kowa ban mamaki. Tunisiya na nan kusa da tsibirin Sisili, amma maimakon su yanke ta nan, sai su bi ta Jibraltar, su ratsa Sifen da kudancin Faransa, sannan su gangaro Italiya daga arewa. Da kaka kuma su fara nufar arewa alhali kudu za su. Fataken da suka fahimci wannan lissafi: hanyar da ta fi tsawo amma da rijiyoyi ta fi gajeriya marar ruwa.

Tashin bazara

Daga tsakiyar Fabrairu manya ke fara ɗaura kaya. Mai zaune a gaban kwamfuta a Turai yakan ga ɗigon da ya yi watanni yana yawo cikin 'yan kilomitoci, daga wannan bishiya zuwa waccan, wata safiya ya miƙe arewa bai waiwayo ba. A farkon Maris sun fara cika sararin Jibraltar.

Me ke korarsu? Ba zafinmu ba ne kawai. Mai cin macizai ƙwai ɗaya tak take yi a shekara. Kwanci ya fi kwana 40, ɗan kuma sai ya haura wata biyu kafin ya tashi, sannan dole ya yi ƙwari kafin tafiyar kaka. Wadda ta makara za ta tarar wata ta gaje sheƙar, ko ta haifi ɗan da sanyi zai riska. 'Yan shekara ɗaya da biyu, da ba su isa aure ba, ba sa wannan gaggawa. Na'urori sun nuna sukan makara da tashi, wasu ma ba sa ƙetare teku, sai su tsaya a Maroko ko Aljeriya su juyo da kaka.

Tsakanin Diffa da gaɓar tekun Libiya akwai fiye da kilomita 2,000, yawanci hamada. Kwatanta da hanyar Diffa zuwa Yamai, wadda ba ta kai 1,400 ba, kuma kowa ya san yadda take karya jiki a cikin mota. Gaggafa takan yi mako guda ko fiye tana ratsa wannan rairayi, ta kwana a ƙasa ko a kan dutse, kusan ba ci ba sha. Ga iskar hunturu da ke busowa daga arewa maso gabas: da kaka ita ke tura ta, da bazara kuwa da ita take karo. Saboda haka hanyar komawa ba lalle ta zama ta zuwa ba, kuma ga wasu komawar ta fi cin kwanaki. In ƙura ta taso sosai, zanen kan nuna tsuntsu ya tsaya, ko ya karkace, ko ma ya juyo kudu ya jira.

Masana a Suwidin sun tattara tafiye-tafiyen tsuntsaye masu farauta da aka bi ta tauraro a kan Sahara, suka wallafa a 2010. Cikin 'ya'yan da ke ƙetarawa karon farko, kusan uku cikin goma ba su fita ba. Manya kuwa biyu cikin ɗari. Hamada makaranta ce mai tsada, amma wanda ya ci jarrabawar farko ya zama madugu. Wani binciken na 2014 ya ƙara da cewa a komawar bazara ce hamadar ta fi cin manya. A nan ne maganar ta dawo kanmu. Matan Tubawa da ke tashi daga wajen Gigimi da ayarin raƙuma zuwa Bilma ɗebo dabino ba sa kama hanya da raƙumi mai rama. Guzurin gaggafa kitsen da ta tara ne a makonninta na ƙarshe a Sahel. In fari ya ƙone fadama, ko madatsun Tiga da Challawa sun rage ambaliyar da ke isowa ƙasa, ko an sare bishiyoyin da take tsayawa a kai, ko feshin maganin jan-baki da fara ya kashe abincinta, ba a nan za a ga gawarta ba. A Tenere za ta faɗi, wani kuma a Italiya ya yi ta duban sheƙa.

Ranar da ɗigo ya daina motsi

Na'ura tana faɗin ina da yaushe. Ba ta faɗin don me. In ɗigo ya tsaya wuri ɗaya kwana uku, sai an sami mai ƙafa ya je ya duba.

A 2013 aka ɗaura wa wani ɗan farar ungulu na'ura a dajin Dadiya na ƙasar Girka, aka sa masa suna Paschalis. Irinsa sun kusa ƙarewa a can, kowane ɗaya ƙirge yake. Ya yi abin da ya kashe 'yan'uwansa da dama, wato ya yanke ta kan Bahar Rum, ya kuma tsira. Ya ratsa hamada, ya zauna a kudancin Nijar, a ƙasar Damagaram, maƙwabciyar Diffa. A ƙarshen Fabrairu 2014 sai motsinsa ya canja: sigina ta fara fitowa daga cikin wani gida a ƙauye, bayan 'yan kwanaki kuma daga Najeriya. Ma'aikatan ƙungiyar Sahara Conservation Fund a Nijar da na cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos suka bi sawu har ƙauyukan. Maharbi ne ya kashe shi, don sayar wa masu haɗa magani da sassan ungulu. Abin da teku da Sahara suka kasa, kasuwa ta yi.

Ba tauraro ne ya gano wannan ba, mutanen ƙauye ne da aka zauna da su aka gaisa aka yi tambaya. Kuma labarin bai tsaya kan baƙi ba. Wani masani Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin Nijar da Mali da Burkina Faso yana ƙirga tsuntsaye masu farauta wajen 1970, ya sake bin hanyoyin bayan shekara talatin da 'yan kai, ya tarar manyan ungulaye da gaggafa sun kusa shuɗewa a wajen gandun daji. Wani babban bincike na 2024 ya duba iri 42 a faɗin Afirka, kusan tara cikin goma sun ragu. Dattawa ba sa buƙatar a karanta musu wannan. Su tuna yawan ungulun da ke sauka a mahauta suna yara, su ƙirga na yau.

A bakin tafki, inda shekara da shekaru ke nan baƙon mai bincike ba ya iya zuwa da madubin hangen nesa ba tare da an tsare shi ba, tsuntsun yana shiga yana fita, ba shinge ba takarda. Zanen yana isa Turai, amma fassararsa tana wurin masunci da makiyayi da mai tattasai, da ɗaliban jami'ar Diffa da aka kafa a 2014, in an ba su dama. Ina ganin rashin adalci ne a ce yaron Baruwa bai taɓa ganin taswirar tsuntsun da ke kwana a bayan gidansu ba, alhali yaron wata makaranta a Jamus yana bin ta a waya.

Wanda ya tsinci irin wannan tsuntsu, in da rai, ya rufe masa kai da ƙyalle, ya yi hattara da ƙafafun fiye da bakin, ya kai wa ma'aikatan gandun daji. In ya mutu, lambar zoben da akwatin su ne abin nema, yawanci akwai adireshi a jiki. Kada a yi irin ta wani a Sudan a 2018, wanda ya cire layin da ke cikin na'urar wata shamuwar Folan ya sa a wayarsa, ya sha hira ta awa 20, aka aika wa ƙungiyar da ta ɗaura takardar bashin da ya haura dala 2,500.

Gaggafa na ɓacewa a arewa, sai idon manomi ya koma kudu, yana jiran wata baƙuwar. Ita wannan a kan bishiyar tsakar gari take sheƙa, ba mai jifanta, kuma zuwanta ne ke sa a fiddo iri. Ita ma an taɓa ɗaura mata na'ura, a nan Nijar, masana daga Denmak suka bi ta har Tanzaniya. Babi na gaba na shamuwa ne.